Ba talla ne zai shanye gangunan wuski ba

A watan Disambar 2025 kamfanin Jim Beam, ɗaya daga cikin manyan masu yin wuski a duniya, ya sanar da cewa babbar masana'antarsa da ke Clermont a jihar Kentucky ta Amurka ba za ta dafa barasa ba a duk tsawon shekarar 2026. Bayanin da aka bayar shi ne za a yi amfani da lokacin a yi gyare-gyare. To, mu ɗauka haka ne. Amma duk wanda ya taɓa riƙe sana'a ya san ba a kashe wuta shekara guda cur alhali masu saye suna tsaye a ƙofa. Gaskiyar maganar ita ce sito ya cika. Ƙungiyar masu yin barasa ta Kentucky ta ce ganguna fiye da miliyan 16 ne ke jibge a rumbunan jihar suna jiran su nuna, a jihar da mutanenta ba su wuce kimanin miliyan 4.5 ba. Kowane ɗan jihar ke nan, har jaririn goye, yana da ganga uku da ɗoriya.

Tun kafin nan alamu sun bayyana. A Janairun 2025 Brown-Forman, mai Jack Daniel's, ya sallami kashi 12 cikin 100 na ma'aikatansa, ya kuma rufe masana'antar haɗa ganguna da yake da ita a birnin Louisville. A Sikotlan, inda wuski ya zama kamar tutar ƙasa, kuɗin da ake samu daga fitar da shi waje ya kai fam biliyan 6.2 a 2022, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, sannan ya sauko zuwa biliyan 5.6 a 2023, ya ƙara sauka zuwa biliyan 5.4 a 2024. Shi kuwa Diageo, uban gayya, mai Johnnie Walker da Guinness, darajar hannun jarinsa ta zube da fiye da rabi daga inda ta kai a ƙarshen 2021. Shugabarsa Debra Crew ta bar kujera a Yulin 2025, aka ɗauko Dave Lewis, wanda ya yi suna wajen ceto kantunan Tesco da rage kashe kuɗi ba sani ba sabo.

Na san wani zai ce mene ne ruwan Bahaushe da asarar masu barasa, har ma ya ƙara da cewa Allah Ya ƙara. Ban zo jajanta musu ba. Amma rikicin wannan masana'anta darasi ne a fili kan yadda manyan kamfanoni ke yaudarar kansu, kuma kayan da suka taru a Turai da Amurka sai sun nemi mafita, mafitar kuwa ba ta da nisa da mu.

Idan ka saurari shugabannin kamfanonin, dalilai uku suke juyawa: haraji, tsadar rayuwa, da kuma cewa ba su iya yi wa matasan yau magana ba, wato matsalar talla. Na farko gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Wuski ya daɗe da zama abin da ake fara dukawa duk lokacin da manyan ƙasashe suka yi faɗan kasuwanci. A 2018 Tarayyar Turai ta ɗora wa wuskin Amurka harajin kashi 25 don ramuwa kan harajin ƙarfe na Donald Trump. Daga Oktoban 2019 zuwa Maris na 2021 Amurka ta ɗora irin wannan haraji kan wani nau'in wuskin Sikotlan saboda rigimar kamfanonin jiragen sama na Airbus da Boeing, rigimar da mai noman sha'ir ɗin da ake yin wuskin da shi bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma ƙungiyar masu wuskin Sikotlan ta ce hakan ya jawo asarar fiye da fam miliyan 600. A Maris na 2025 lardunan Kanada, ciki har da Ontario, suka kwashe barasar Amurka daga kan kantoci baki ɗaya, har shugaban Brown-Forman, Lawson Whiting, ya ce wannan mataki ya fi haraji muni. Wata guda bayan haka Amurka ta sa harajin kashi 10 kan kayan Birtaniya.

Duk da haka, a duba kwanan wata. Diageo ya fitar da gargaɗin raguwar riba tun a Nuwamban 2023, lokacin da ya gano cewa dillalansa a Latin Amurka da tsibiran Karibiyan sun cika sito da kwalaben da ba sa tafiya. Faɗuwar cinikin Sikotlan ta fara a 2023. Trump bai dawo Fadar White House ba sai Janairun 2025. Haraji ya sami mara lafiya a kwance ne, ya ƙara masa zazzaɓi.

Cutar ta asali tana cikin yanayin kayan kansa. Dokar Birtaniya ta ce ba za a kira abu wuskin Sikotlan ba sai ya kwana aƙalla shekara uku cikin gangar katako a cikin ƙasar, kuma masu tsada kan yi shekara 12, 18 ko fiye. Ma'ana, kwalbar da za a sayar yau an yanke shawarar dafa ta ne tun lokacin da mai sayenta yake makarantar sakandare. Mai yin lemon kwalba idan ya ga kasuwa ta ja baya, sati mai zuwa zai rage aiki. Mai wuski ba shi da wannan dama. Dole ya yi hasashen ƙishirwar mutane na shekara goma masu zuwa, ya zuba kuɗi, ya zauna jira. Lokacin annobar korona, da aka kulle mutane a gida da kuɗin tallafi a aljihu ba wurin kashewa, cinikin barasa mai tsada ya tashi a Amurka da Turai. Kamfanoni suka ɗauki wannan hali na wucin gadi a matsayin sabuwar rayuwa. Aka faɗaɗa tsofaffin masana'antu, aka gina sababbi, tukwanen jan ƙarfe suka yi ta aiki dare da rana. Dillalai su ma suka yi ta lafta kaya saboda tsoron ƙarancin da aka gani a lokacin kulle.

Sai bashi ya yi tsada. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a tsakiyar 2023. Ɗan kasuwar Dawanau da ya ci bashi ya cika sito da masara yana jiran farashi ya tashi, sai farashin ya karye bashin kuma yana ta haihuwa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Dillalan barasa suka daina odar sabon kaya har sai na hannunsu ya ƙare. A Sikotlan kuwa ganguna kusan miliyan 22 ne ke kwance, kowace ana biya mata kuɗin ajiya da inshora, kuma kowace shekara wani ɓangare na abin da ke cikinta yana bin iska.

Abin mamakin shi ne masana'antar ta sha ganin irin wannan. A ƙarshen ƙarni na 19 an yi wata haukar wuski a Sikotlan, bankuna suna ba da bashi ba lissafi. Waɗanda suka fi kowa shahara a lokacin su ne 'yan'uwan nan biyu, Robert da Walter Pattison na garin Leith, gwanayen talla na zamaninsu. Ana ba da labarin sun raba aku ɗaruruwa ga masu kantuna bayan an koya wa tsuntsayen kiran sunan wuskinsu. A Disambar 1898 kamfanin ya durƙushe, ya ja wasu da dama suka faɗi tare da shi, a 1901 kuma aka ɗaure su biyun saboda zamba. Aku ya iya magana, amma bai iya biyan bashi ba. An sake maimaitawa a farkon shekarun 1980, bayan an dafa fiye da kima a shekarun 1970. A 1983 kaɗai aka rufe masana'antu da dama, ciki har da Port Ellen da Brora. Ga wani abin dariya mai ɗaci: Diageo ya kashe miliyoyin fam ya sake buɗe Brora a 2021 da Port Ellen a 2024, daidai lokacin da sabuwar ambaliyar take taruwa.

Yanzu mu zo ga talla, inda nake ganin kamfanonin suka fi ruɗin kansu. Kusan shekara ashirin dabararsu guda ce: a shawo kan mutane su sha kaɗan amma mai tsada. A fuska wannan ya yi kama da nuna damuwa da lafiyar jama'a, a littafin lissafi kuwa riba ce zalla. Sai aka yi ta ɗaga farashi, ana canza kwalba, ana saka ta cikin akwati mai walƙiya, ana fitar da "na musamman" kusan kowane wata har kalmar ta rasa ma'ana. A Nuwamban 2023 aka yi gwanjon kwalba ɗaya ta wuskin Macallan da aka dafa a 1926 a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan kan kusan fam miliyan 2.2. Irin waɗannan labarai sun jawo mutanen da ba shan suke yi ba, ajiya suke yi don su sayar. Da farashin gwanjo ya fara sauka, suka watse, domin tun farko ba ɗanɗano ya kawo su ba.

Wanda aka bari a baya shi ne mashayin yau da kullum, ma'aikacin da ke sayen kwalba ɗaya a ƙarshen wata. Shi aka tsawwala wa farashi a daidai lokacin da kuɗin haya da na wuta da na abinci suka tashi masa. Alƙaluman Sikotlan na 2024 sun tona wannan asiri: yawan kwalaben da aka fitar ya ƙaru daga biliyan 1.35 zuwa kusan biliyan 1.4, amma kuɗin da aka samu ya ragu. Wato masu saye sun sauko zuwa mai araha. Shekara ashirin ana gina tsani don mutane su hau, ga shi suna saukowa ta kansa. Babu wani tallan da zai sa mutumin da albashinsa ya ƙare ranar ashirin ga wata ya sayi kwalbar fam ɗari.

Akwai kuma matsalar hoton da aka gina wa wuski. Tun da daɗewa ana sayar da shi a matsayin abin shan wanda ya isa: dattijo a kujerar fata, gado, tarihi, nasara. Taken Johnnie Walker da aka fito da shi a 1999, mai cewa a ci gaba da tafiya, ya yi aiki sosai a ƙasashe masu tasowa saboda ya haɗa kwalbar da burin ɗaukaka. Amma matashin Landan ko New York da ya san da wuya ya mallaki gida kafin ya kai shekara arba'in, wace nasara za a ce ya yi murnarta? Idan zai sha, gwangwanin da aka riga aka haɗa yake ɗauka, mai zaƙi, mai araha, ko kuma tekila ta Meziko, wadda cinikinta ya riga ya zarce na wuskin Amurka a cikin Amurka kanta. Manyan kamfanonin ba su damu da wannan sosai ba, tunda tekilar ma tasu ce. Diageo ya sayi kamfanin tekila na Casamigos daga hannun ɗan fim George Clooney da abokansa a 2017 kan kuɗin da ka iya kai dala biliyan ɗaya. Mashayi ya bar kwalba ya koma wata kwalbar, kuɗin dai aljihu ɗaya suke shiga.

Abin da ke hana su barci shi ne wanda ya bar kwalba gaba ɗaya. Cibiyar Gallup, wadda ke tambayar Amurkawa ko suna shan barasa tun 1939, ta samu kashi 62 sun ce suna sha a 2023, kashi 58 a 2024, sai kashi 54 a 2025, mafi ƙanƙanta a tarihin wannan tambaya. A karon farko kuma fiye da rabin waɗanda aka tambaya sun ce ko shan kaɗan ma yana da illa. Wannan babban juyi ne, domin shekaru da dama ana gaya wa Bature cewa kofi ɗaya ko biyu a rana yana gyara zuciya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari. A Janairun 2025 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya nemi a rubuta gargaɗin cutar kansa a jikin kwalabe. Ba sabon ilimi ba ne, tun 1988 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa barasa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Sabon abin shi ne labarin ya isa kunnen talaka. A ƙara da halasta tabar wiwi a jihohin Amurka da dama, da allurar rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy waɗanda masu amfani da su da yawa ke cewa sha'awar barasa ta ragu musu. Wani fitaccen mai zuba jari a Birtaniya, Terry Smith, ya sayar da hannun jarinsa na Diageo a 2024, kuma ya ambaci waɗannan allurai cikin dalilansa.

A nan ne wuski ya fi sauran shiga tsaka mai wuya. Masu giya sun samu ƙofar fita: Heineken da Guinness suna sayar da nau'in da ba shi da sinadarin maye, da suna ɗaya da kwalba iri ɗaya, kuma yana tafiya. Wuski ba shi da wannan ƙofa. Doka a Birtaniya da Turai da Amurka ta ce sai ƙarfin barasar da ke cikinsa ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100 kafin ya ci sunansa. In ka cire mayen, ka cire kayan. Dokokin da masana'antar ta yi ta fafutukar kafawa don kare sunanta daga 'yan jabu, su ne yau suka ɗaure mata ƙafa.

A yi adalci, masu cewa wannan guguwa ce mai wucewa suna da hujja. Bayan rufe-rufen 1983 wuski ya farfaɗo fiye da da, har ragowar gangunan Port Ellen suka koma kamar zinare. Kamfanin nazarin kasuwa na IWSR ya fitar da rahoto a 2025 cewa yawan matasan da ke sha ya ɗan ƙaru idan aka kwatanta da shekara biyu baya, abin da ke nuna wataƙila rashin kuɗi ne ya hana wasu, ba tuba ba. Na yarda tarin ganguna zai ragu, wasu ƙananan masana'antu za su mutu kamar yadda Waterford ta Ayalan ta faɗa hannun masu bin bashi a ƙarshen 2024, manyan kuma za su saye gawarwakin da araha. Inda ban yarda ba shi ne a ce komai zai koma yadda yake. A shekarun 1980 mutane sun guji wuski ne don sun ga ya tsufa, abin shan kakanni ne, kuma wannan ra'ayi ne da talla ke iya canzawa. Wanda ya ajiye kofi saboda likita ya ambaci kansa, da wace waƙa ko wane ɗan wasa za ka dawo da shi? Masu taba sigari sun gwada. Har yanzu suna cin riba, amma ba a Landan da New York suke samun sababbin masu sha ba.

Wannan ne ya kawo mu ga inda idanu suka karkata. Indiya ta zama ƙasar da ta fi kowace sayen wuskin Sikotlan ta fuskar yawa a 2024, da kwalabe miliyan 192, ta wuce Faransa, duk da harajin kashi 150 da take ɗora masa a lokacin. A Yulin 2025 Birtaniya da Indiya suka sa hannu kan yarjejeniyar da za ta rage harajin zuwa kashi 75, sannan zuwa 40 cikin shekara goma. Masu wuski sun yi murna kamar an yi musu bushara, ko da yake Indiya ba tuwon sallah ba ce: kowace jiha da dokarta, Gujarat da Bihar sun haramta barasa, an hana tallanta a talabijin, kuma wuskin gida irin su Amrut da Indri yana ƙara ƙarfi. Yadda kamfanoni suka zagaye haramcin talla a can ya cancanci a lura da shi. Sai ka ga ana tallan ruwan soda ko faifan waƙa da suna da tambarin wuski, kowa kuma ya san abin da ake nufi.

Bayan Indiya sai Afirka, nahiyar da ta fi kowace yawan matasa. A Yunin 2024 Diageo ya sanar da sayar da kashi 58 na hannun jarinsa a Guinness Nigeria ga kamfanin Tolaram, wanda 'yan Najeriya suka fi sani ta hanyar Indomie. Mutane da yawa sun karanta wannan a matsayin gudu daga faɗuwar naira, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a lura da abin da bai sayar ba. Tun kafin cinikin ya cire harkar shigo da Johnnie Walker da sauran barasa masu tsada daga hannun Guinness Nigeria, ya riƙe ta a ƙarƙashin wani kamfani nasa na kansa. Ya sauke nauyin masana'anta da dizal da ma'aikata, ya riƙe kwalbar da ake ɗagawa sama a gidajen rawa na Legas da Abuja. Haka ya sayar da Guinness na Kamaru da na Gana ga kamfanin Castel na Faransa.

Wani zai ce jihohin Arewa da ke da dokar shari'a suna da katanga, Hisbah na fasa kwalabe. Katangar tana tare mota ne, ba ta tare hoto. Tun kakar 2024 Guinness ce giyar da gasar Firimiya ta Ingila ta ɗauka a hukumance, wuskin Chivas Regal kuma ya taɓa ƙulla yarjejeniya da Manchester United a 2018. Yaron da ya biya kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo a Kano ko Zinder yana ganin waɗannan sunaye minti casa'in, sannan ya buɗe wayarsa ya tarar da mawaƙin da yake so yana riƙe da kwalba, ba tare da an rubuta cewa talla ne ba. Faransa ta taƙaita tallan barasa tun 1991, Sikotlan kanta ta kafa mafi ƙarancin farashin da za a sayar da barasa a 2018 bayan masu wuski sun ja ta har Kotun Ƙoli sun sha kaye. Mu kuwa, hukumar NAFDAC ta ba masu barasar leda da ƙananan robobi wa'adin shekara biyar tun 2018, wa'adin ya cika a farkon 2024, masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago suka tayar da jijiyar wuya, aka ƙara musu lokaci. Barasar leda ba wuskin Sikotlan ba ce, amma rigimar ta nuna wa ke da ƙarfi idan hukuma da masu kuɗin barasa suka haɗu a teburi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Gangunan da aka cika a 2022 za su cika shekara 12 a 2034, kuma masu su sun riga sun san a waɗanne ƙasashe ne za a sami sababbin 'yan shekara ashirin masu yawa a lokacin. Hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a Najeriya da takwarorinta na Nijar da Gana da Kamaru suna da 'yan shekaru kaɗan su tilasta wa duk mawaƙi ko mai dandalin sada zumuntan da aka biya ya bayyana cewa an biya shi, su kuma hana dabarar tallan ruwan soda da sunan barasa kafin ta iso.